Me ya sa tsohuwar kwamfuta ke yin nauyi da rana tsaka? Fashin baƙi kan gudun furosesa da zafinta

A karkarar Kano da Jigawa, da wuya ka shiga garin da ke da kasuwar mako da makarantar sakandare ka rasa shagon da ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a duba wa ɗalibai sakamakon WAEC da NECO, ko a fitar musu da takardar jarabawar JAMB. Kwamfutocin da ke riƙe da waɗannan shaguna galibinsu na tebur ne, tsofaffi, waɗanda suka gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin a kwaso su zuwa Legas, daga can su iso Kano, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq na wajejen 2008 zuwa 2013. Na'urori ne masu juriya, amma akwai ƙorafi ɗaya da masu su ke maimaitawa, musamman daga watan Maris zuwa Mayu: da safe kwamfuta tana aiki lafiya lau, da an yi azahar sai ta fara nauyi, fankarta ta riƙa ruri, wani lokaci ma ta ɗauke gaba ɗaya ana tsakiyar aiki.

Ɗan yayata yana da irin wannan shago a wani gari da ke kan hanyar Ringim, ɗaki guda mai rufin kwano ba sili, ƙofarsa na kallon tasha. Ranar da na ziyarce shi a watan Afrilu na tarar da shi ya haɗa tagumi gaban kwamfutarsa, ya ce mini: “Kawu, sau biyu ke nan ina kai ta birni ana yi mata fomatin, na ƙara mata ram, amma da rana ta take sai ta koma gidan jiya.” Na tambaye shi ko a cikin waɗanda suka taɓa ta akwai wanda ya duba gudun furosesarta da zafinta tana cikin aiki, ya ce shi bai ma san ana dubawa ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin goge Windows a sake ɗora wata ba ya cire ƙurar da ta toshe hanyar iska, ƙarin ram kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da ke hannunta a ciki, ba ya sanyaya komai.

Kafin a shiga yadda ake dubawa, akwai kalmomi biyu da ke rikita mutane. A shaguna an saba kiran akwatin kwamfutar gaba ɗayansa da sipiyu, alhali ainihin mai wannan suna ita ce furosesa, wani ɗan falle mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannun yaro ba, wanda ke zaune a kan madabod, wato babban allon da sauran sassan kwamfuta ke jone da shi, ƙarƙashin dunƙulen alminiyam da fanka. Ta biyu ita ce agogo. Agogon da ke nuna lokaci da kwanan wata a kusurwar sikirin daban yake, yana tafiya ne da ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, shi ya sa idan batirin ya mutu kwamfuta ke tashi da kwanan watan shekarun baya. Agogon furosesa kuwa ba lokaci yake faɗa ba, bugu yake yi, kuma da kowane bugu furosesa ke yin taku ɗaya a cikin aikinta. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne megahaz ɗaya, bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne gigahaz ɗaya, wanda ake taƙaitawa da GHz.

Wannan bugu yana samo asali ne daga wani ɗan kiristal da ke kan madabod, wanda ake ninka kaɗawarsa a samu gudun tushe, sannan furosesa ta sake ninka gudun tushen da wata lamba tata. Misali, Core 2 Duo E8400 da kamfanin Intel ya fitar a 2008 tana da gudun tushe na megahaz 333, tana ninka shi sau 9, ya ba da gigahaz 3. Core i5-2400 ta 2011 kuwa tushenta megahaz 100 ne, tana ninkawa sau 31, ya ba da gigahaz 3.1. Yana da kyau mai kwamfuta ya riƙe wannan lissafi, domin idan gudu ya sauka, ɗaya daga cikin lambobin biyu ne ya sauka, kuma sanin wanda ya sauka shi ke nuna inda matsalar take.

Wanda ya taɓa kallon mata suna lugude zai fi saurin fahimtar abin da lambar gigahaz ke faɗa da abin da ba ta faɗa. Yawan saukar taɓarya a cikin turmi a minti ɗaya shi ne gudun agogo, amma saurin yin gari bai tsaya a nan ba, ya danganta da nauyin taɓaryar da ƙwarewar mai dakan da kuma yawan masu dakan. Haka abin yake a furosesa: Pentium 4 mai gigahaz 3 ba ta kama ƙafar Core 2 Duo E6600 ta 2006 mai gigahaz 2.4 kacal, saboda ta biyun tana gama aiki mai yawa a kowane bugu, ga shi kuma ƙwaƙwalwa biyu gare ta a cikin falle ɗaya. Don haka mai sayen kwamfutar hannu da ya bi girman lamba kaɗai yana iya ɗauko wadda ta fi cin wuta, ta fi zafi, ta kuma fi nauyi. Amfanin lambar gigahaz a wurinmu shi ne a gwada furosesa da kanta, wato a ga ko tana kai gudun da aka ƙera ta a kansa.

Sai dai a nan ma akwai tarko, domin gudun furosesa ba tsayayye ba ne, kuma da gangan aka yi shi haka. Intel na da wata dabara mai suna SpeedStep, AMD kuma, wadda ita ma ke ƙera furosesa, na da tata mai suna Cool'n'Quiet, dukansu aikinsu shi ne su sauke lambar ninki da ƙarfin wutar da furosesa ke sha idan babu aikin kirki a gabanta. E8400 ɗin nan idan tana zaune haka nan takan sauka zuwa ninki 6, wato gigahaz 2, i5-2400 kuma takan sauka zuwa 1.6. Na sha ganin wanda ya buɗe manhajar dubawa ya ga 1.6 a kwamfutar da aka sayar masa da sunan mai 3.1, ya tashi hankalinsa yana cewa an cuce shi, alhali na'urar hutawa kawai take yi. A ɗaya gefen kuma, furosesoshin i5 da i7 na da abin da ake kira Turbo Boost, wanda ke ba su damar haurawa sama da gudun da aka rubuta idan akwai sararin wuta da sanyi: i5-2400 na iya kai 3.4, i5-3470 ta 2012 mai 3.2 na iya kai 3.6. Ke nan lambar da aka gani lokacin da kwamfuta ba ta aikin komai ba hujja ba ce, sai an ɗora mata kaya sannan za a san gaskiyarta.

Wuraren dubawa suna da yawa, amma ba duka ne ke faɗin abu ɗaya ba. Shafin bayanin kwamfuta da ake samu ta danna This PC ko Computer da maɓallin dama na linzami a zaɓi Properties yana nuna sunan furosesa da gudun da masana'anta ta rubuta mata, kamar lambar da ke jikin buhun taki, ba ya nuna abin da take yi a wannan daƙiƙar. Shafin BIOS, wanda ake shiga da zarar an kunna na'ura ta danna F2 a yawancin Dell, F10 a yawancin HP, ko Delete a kwamfutocin haɗi, yana nuna gudun da aka saita, wasu kuma har da zafi da juyin fanka, kodayake kwamfutocin ofis da dama ba sa nuna zafin a nan. A Windows 10, idan aka danna Ctrl da Shift da Esc tare, aka shiga sashen Performance na Task Manager, za a ga lambobi biyu, Base speed wanda shi ne na masana'anta, da Speed wanda ke hawa yana sauka a kan idon mutum. Windows 7, wadda har yanzu ke kan kwamfutoci da yawa a karkara duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, ba ta nuna wannan a Task Manager ɗinta, amma a Resource Monitor akwai layin Maximum Frequency da ke nuna kason gudun da furosesa ke amfani da shi cikin ɗari.

Wadda na fi amincewa da ita ita ce CPU-Z, ƙaramar manhaja ta kyauta da ba ta cin data, ana iya sauke ta a waya a juye ta a filashi a tafi da ita ƙauye, ta kuma yi aiki ba sai an girka ta ba. Tana nuna cikakken sunan furosesa, sannan a ƙasa ta jera Core Speed da Multiplier da Bus Speed, wato gudun yanzu da lambar ninki da gudun tushe, daidai lissafin da aka yi a sama. Tana kuma da sashen Bench mai maɓallin Stress CPU, wanda ke ɗora wa furosesa cikakken kaya har sai an tsayar da shi. Wanda ke amfani da Linux zai samu bayanin furosesa da umarnin lscpu, zafi kuma da umarnin sensors.

Zafi kuwa shi ne ɓangaren da ya fi shafar mu a wannan yanki, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Kusan duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa. Masu ƙera ta sukan rubuta adadin zafin da ya kamata na'urar sanyaya ta iya kwashewa, a ma'aunin wat: 65 ga E8400, 77 ga i5-3470, 95 ga i5-2400, manyan Pentium 4 na 2004 zuwa 2005 kuma har 115. A tuna da tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 ko 100 da ba ya taɓuwa idan ya jima a kunne, sannan a ƙaddara cewa wannan zafin duka yana fitowa ne daga wuri mai faɗin farcen babban yatsa. Hanyar fitarsa guda ce: daga fallen silikon zuwa murfin ƙarfen furosesa, daga murfin zuwa wani siririn mai da ake shafawa a tsakani, daga man zuwa dunƙulen alminiyam mai haƙora kamar mataji, sannan fanka ta hura iska ta cikin haƙoran ta fitar da zafin waje. Duk inda aka samu cikas a wannan jeri, zafi zai taru a baya kamar ruwan da aka datse.

Furosesa ba ta zama ta jira ƙonewa. Tun daga Pentium 4, wadda ta fito a ƙarshen shekarar 2000, Intel ta sanya wa furosesoshinta tsarin kare kai: idan zafi ya kai wata iyaka sai ta rage gudunta da kanta don ta huce, idan kuma hakan bai wadatar ba sai ta yanke wutar na'urar baki ɗaya. Wannan shi ne sirrin kwamfutar da ke nauyi da azahar ta kuma mutu da la'asar, ba bairos ba ne, ba kuma tsufan Windows ba. Iyakar zafin ana kiran ta Tj Max, kuma a yawancin furosesoshin da muke magana a kansu tana kusa da digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, a i5-3470 misali digiri 105 ce.

Akwai wani abu game da yadda ake auna wannan zafi da ke warware rikici mai yawa. Ma'aunin da ke cikin furosesoshin Core ba ya faɗin digiri kai tsaye, abin da yake faɗa shi ne digiri nawa suka rage a kai iyaka, sai manhaja ta debe wannan daga Tj Max ta nuna sakamako. Daga zamanin i3 da i5 da i7 furosesa da kanta take faɗa wa manhaja iyakarta, amma a zamanin Core 2 ba haka abin yake ba, kowace manhaja ƙiyasta iyakar take yi, shi ya sa za a iya buɗe manhaja biyu a kan kwamfuta ɗaya su saɓa da digiri biyar ko goma ko fiye. Bugu da ƙari, an yi ma'aunin ne don ya yi daidai a kusa da iyaka, saboda haka karatunsa lokacin hutu ba abin rantsuwa ba ne. Pentium 4 ita ba ta da irin wannan ma'auni, wani ƙaramin guntu ne a kan madabod ke karanta zafinta, don haka Core Temp ba za ta nuna komai a kanta ba, sai dai a gwada HWMonitor ko SpeedFan, su ma sai madabod ɗin ya ba da dama. Idan aka ga wani layi ya tsaya cak a kan 127 ko ƙasa da sifili da 128, ba wuta ba ce ta kama, ba kuma ƙanƙara ba, ma'auni ne da ba a jona shi da komai ba. Ga furosesoshin Core, manhajar Core Temp da HWMonitor da HWiNFO duk suna aiki, kuma duk suna ajiye mafi ƙanƙanta da mafi girman zafin da aka kai tun buɗe su. Task Manager dai ba ya nuna zafin furosesa ko kaɗan.

Digiri nawa ne ya yi yawa? A nan ne shawarwarin da ake karantawa a intanet ke ɓatar da mutumin Gumel ko Haɗejia. Wanda ya rubuta cewa furosesa mai lafiya tana zama a digiri 30 zuwa 35 idan ba ta aiki, yana zaune ne a ɗakin da bai wuce digiri 22 ba. Fanka ba firji ba ce, iskar ɗaki take hurawa, don haka ba yadda za a yi ta sanyaya ƙarfe ƙasa da zafin iskar da ta shaƙa. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Kano da Jigawa kan kai digiri 40, cikin shago mai rufin kwano kuwa yakan fi haka, ke nan furosesar da ke nuna 50 ko 55 tana hutu a irin wannan ɗaki ba ta yi laifin komai ba. A ganina, abin lura shi ne ratar da ke tsakanin zafin ɗaki da na furosesa, da kuma inda zafin ke tsayawa a ƙarƙashin cikakken kaya. Idan ya tsaya ƙasa da 80 da rana tsaka a bazara, a bar na'ura ta yi aikinta. Idan yana wasa tsakanin 80 da 90, lokacin shara ya yi. Idan kuwa ya haura 90 yana neman iyaka, a tsayar da gwajin nan take.

Gwajin kansa ba shi da wuya, sharaɗinsa kawai shi ne a kalli lambobin biyu tare, gudu da zafi, kuma a yi shi a lokacin da ciwon ke tashi, ba da sanyin safiya ba. A buɗe CPU-Z a gefe ɗaya na sikirin, manhajar zafi a ɗaya gefen, a bar kwamfuta ta zauna minti biyar ba a taɓa ta ba, a rubuta abin da aka gani. Daga nan a danna Stress CPU a zuba ido na minti goma. Furosesa mai lafiya za ta yi tsalle zuwa cikakken gudunta cikin daƙiƙa guda, zafi ya hau da sauri da farko, sannan ya riƙa hawa a hankali har ya tsaya a wuri ɗaya, gudu kuma bai motsa ba. Idan haka aka gani amma har yanzu kwamfuta na nauyi, to a wanke furosesa daga zargi a koma kan rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, ko ƙarancin ram, ko tarin manhajojin da ke tashi tare da Windows.

Idan kuwa zafi ya riƙa hawa ba tsayawa har ya kusanci iyaka, sannan lambar ninki ta fara faɗowa, to an kama ɓarawo da kaya a hannu. Yadda zafin ya hau ma yana ba da labari. Wanda ya ɗauki mintuna yana hawa yakan nuna ƙura ce ta toshe haƙoran alminiyam, ko fanka ta gaji, ko iska mai zafi na kewayawa cikin akwati ba ta samun mafita. Wanda ya yi tsalle daga 55 zuwa 95 cikin daƙiƙa kaɗan, alhali dunƙulen alminiyam ɗin ɗumi kawai yake da shi idan an taɓa gefensa, yana nuna zafin ba ya ma isa wurin ƙarfen, wato man tsakani ya bushe ko dunƙulen bai zauna daidai ba. A Pentium 4 da wasu na bayanta akwai ƙarin wayo, domin sukan rage aiki ta hanyar tsallake wasu bugu ba tare da lambar gudu ta canja a CPU-Z ba, don haka a irinsu zafin da nauyin ne shaida. A furosesoshin Core, HWiNFO na da layin da ke faɗa ƙarara ko an taɓa rage gudu saboda zafi.

Hali na uku shi ne wanda ya fi ɗaure wa masu gyara kai: an ɗora kaya, zafi bai wuce 60 ba, amma gudu ya ƙi tashi. Wannan ba ciwon zafi ba ne, saiti ne galibi. A duba Power Options a Control Panel, domin idan tsarin na kan Power saver, ko wani ya rage Maximum processor state ƙasa da 100, Windows ce da kanta ta ɗaure furosesa, kuma ko 99 aka sa ya isa ya hana Turbo Boost aiki. Idan ba nan ba ne a leƙa BIOS. A tsofaffin madabod na haɗi, mutuwar batirin CR2032 kan mayar da saiti zuwa na farko, wani lokaci har gudun tushe ya sauka, kuma a nan ne layin Bus Speed ke tona asiri, domin za a ga shi ne ya ragu ba lambar ninki ba. Akwai kuma lokacin da madabod ke aika wa furosesa saƙon ta rage gudu saboda wani sashe nasa ne ya yi zafi ko ma'auninsa ya lalace, wannan kuwa aikin mai gyara ne.

Wani zargi da ya kamata a kawar shi ne na janareta. Mutane da yawa na ɗauka cewa idan wuta ta yi rauni, ko ƙaramin janareta na tari, furosesa ma rage gudu take yi kamar yadda fankar sama ke yi. Ba haka ba ne, domin bugun furosesa daga kiristal yake zuwa, ba ruwansa da kaɗawar wutar gari, wadda sau 50 ce a daƙiƙa. Wuta mara kyau takan sa kwamfuta ta mutu ko ta sake tashi da kanta, takan kuma kashe akwatin wutar na'urar, wato sashen da ke karɓar wutar soket ya raba wa sauran sassa, amma ba ta mayar da gigahaz 3 zuwa 2. Bambance mutuwar wuta da mutuwar zafi shi ma aikin waɗannan lambobi ne: idan kwamfuta ta ɗauke alhali zafinta na 65, a nemi dalili a wajen wuta, a kuma duba ko ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan madabod sun kumbura ko sun yi tsatsa a ka. Tun da an zo kan wuta, wanda ya sayo tsohuwar kwamfuta ya duba bayanta kafin ya jona, domin wasu na da ɗan jan makunni mai 115 da 230, kuma wadda ta fito daga Amurka tana iya zuwa a kan 115, alhali wutarmu 230 ce.

A shagon ɗan yayata, gwajin bai kai minti huɗu ba. Furosesar mai gigahaz 3 ce, ta tashi da cikakken gudunta, zafi ya wuce 90 yana ci gaba, sai ga lambar ta faɗo zuwa 2. Muka kashe ta, muka zare wayar wuta daga soket, muka danna makunni na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin kafin in sa hannu ciki. Da muka cire fanka, abin da ke tsakaninta da haƙoran alminiyam ya zama kamar bargo, jar ƙurar hunturu haɗe da zaren tufafi da yanar gizo, ta daskare har ana ɗaga ta da yatsa falle guda ba ta karye ba. A kusurwar akwatin, kusa da inda iska ke fita, zanzaro ya gina ɗakinsa na laka. Ya dube ni ya ce: “Kawu, ashe duk kuɗin fomatin ɗin nan wannan na biya wa.”

Sharar tana da ƙa'idojinta. A fitar da akwatin waje, a yi amfani da bulowa ko famfon keke da busasshen burushin fenti, a kuma riƙe fuka-fukan fanka da yatsa yayin hurawa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada a buɗe akwatin wutar na'urar, domin yana iya riƙe wuta ko bayan an zare shi, hura masa iska ta ramukansa ya isa. Idan za a ɗaga dunƙulen alminiyam, to lallai a tanadi sabon man furosesa tukuna, saboda tsohon ba ya komawa. A goge tsohon da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit, a ɗiga sabon a tsakiyar murfin furosesa kamar ƙwayar dawa zuwa ƙaramar ƙwayar wake, nauyin dunƙulen zai baje shi. Aikin man shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani a tsakanin ƙarafan biyu, don haka lafta shi da yawa ba ƙarin sanyi ba ne, man goge baki ko giris da wasu ke sawa kuwa bushewa ko narkewa suke yi cikin ɗan lokaci. Dunƙulen Intel na asali ƙafafun roba huɗu gare shi da ake dannawa cikin madabod, kuma ƙafa ɗaya da ba ta shiga ba ko ta karye ta isa ta sa zafi ya yi tsalle. A na AMD kuwa a ɗan murza dunƙulen hagu da dama kafin a ɗaga, domin busasshen mai kan manne har ya fizgo furosesar daga mazauninta ya lanƙwasa mata ƙafafu.

Barin murfin gefe a buɗe, wanda shi ne dabarar da aka fi yi a shaguna, yana da amfani a matsayin gwaji: idan an buɗe an juyo da fankar tebur kuma zafi ya sauka sosai, an gane cewa iska ba ta zagayawa a cikin akwatin. Amma ba na son a mayar da shi ɗabi'a, saboda ƙananan kwamfutocin ofis an tsara su ne iska ta shiga ta gaba ta bi ta kan furosesa ta fita ta baya, buɗe gefe kan ɓata wannan hanya, ga ƙura da kyankyasai da ƙadangaru da aka yi wa maraba. Abin da ya fi shi ne a ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur, a ba bayansa tazarar taƙi ɗaya daga bango, a daina ɗora masa takardu a kan ramukan iska, a kuma cire masa ƙyallen rufi duk lokacin da yake kunne.

Da muka mayar da komai muka sake gwajin, wajen ƙarfe uku na yamma, kwanon shagon na ƙara don zafi, furosesar ta yi minti goma cur a kan gigahaz 3, zafinta ya tsaya a 74. Na sa shi ya rubuta kwanan wata da lambobin huɗu, gudu da zafi a hutu, gudu da zafi a ƙarƙashin kaya, a wata 'yar takarda ya manna a gefen akwatin, muka yi da shi zai sake gwajin a ƙarshen watan Fabrairu idan hazo ya janye, ya gwada sabon karatun da na takardar kafin zafin bazara ya kankama.